Aikin da ba ya karɓar gayya

Wani yaro da nake koya wa rubuta manhaja a nan Samaru ya ga wani tsohon littafi a kan teburina, bangonsa duk ya koɗe. Ya ɗauka ya buɗe shafin farko, ya ce, "Malam, 1975 fa aka buga shi. Lokacin ko babana bai shiga firamare ba. Me zai koya mini wanda babu a YouTube?"

Tambayar tana kan hanya, ban kuma ga laifinsa ba. A wannan sana'a tamu kayan aiki ba sa daɗewa. Harshen rubuta manhaja na Python da ake yayi yanzu a 1991 ya fito, Java da JavaScript a 1995, kuma duk wanda ya sayi littafin koyon ɗayansu shekara goma da suka wuce ya san da yawan abin da ke ciki ya tsufa. Irin waɗannan littattafai kamar kalanda suke, shekara na juyawa a sauke su daga bango. Amma akwai wani rukuni na rubuce-rubucen ilimin kwamfuta da babu ruwansu da harshen da kake aiki da shi. Tambaya ɗaya suka sa a gaba: me ya sa aikin manhaja yake ƙin ƙarewa a kan lokaci, yake cin kuɗi fiye da abin da aka yanka, in an gama kuma ya ƙi yin abin da aka so? Littafin da yaron ya ɗauka, The Mythical Man-Month na Fred Brooks, a cikin wannan rukuni yake. Ni kaina ban gane shi sosai ba sai da abin da yake faɗa ya same ni.

Shekarun baya mu uku muka karɓi aikin wata makarantar kuɗi a garin nan. Manhaja suke so wadda za ta haɗa makin gwaji da na jarrabawa, ta fitar da matsayin kowane yaro a ajinsu, ta buga katin sakamako. Muka ce wata uku ya ishe mu. Wata uku ya cika, rabin aikin ne a hannu. Mai makarantar ya kira ni ofis, cikin mutunci ya ce, "Injiniya, in hannu ne ya yi muku kaɗan ku ƙaro yara, ni zan biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Na ce, "Haka ne, Alhaji." Muka ɗauko ɗalibai huɗu, dukkansu masu ƙoƙari.

Mako uku na farko ban rubuta ko layi ɗaya ba. Ina zaune ina yi wa sababbin bayanin yadda muka tsara rumbun bayanai, da dalilin da ya sa ba ma neman yaro da sunansa sai da lambarsa, tunda aji ɗaya akwai yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Da suka fara aiki, biyu daga cikinsu kowa ya rubuta nasa lissafin matsakaicin maki ba tare da sanin ɗan'uwansa ba. Ɗaya yana ba yaron da bai rubuta jarrabawa ba sifili, ɗayan yana tsallake darasin gaba ɗaya. Ranar da muka haɗa aikin, wata yarinya ta zo ta 4 a katinta, ta zo ta 9 a takardar malamin aji. Mu bakwai muka kwashe kwana biyu kafin mu gano inda gizo ke saƙar. Aikin bai ƙare ba sai da zangon karatu ya wuce.

Wannan abu Brooks ya riga ya gan shi, a aikin da namu bai kai ƙwayar gero a gabansa ba. Shi ne ya jagoranci ƙera kwamfutocin System/360 na kamfanin IBM, waɗanda aka sanar da fitowarsu a watan Afrilun 1964, sannan ya riƙe aikin babbar manhajar da ke tafiyar da su, OS/360. A lissafinsa, lokacin da aikin ya kai ƙololuwa mutum sama da 1,000 ne a kansa, kuma tsakanin 1963 da 1966 ya ci abin da ya kai aikin shekara 5,000 in da mutum ɗaya ne zai yi. Duk da haka manhajar ta makara, ta ci kuɗi ninkin ba ninkin abin da aka ƙiyasta, fitowarta ta farko kuma ba ta yi aiki yadda ya kamata ba. Bayan ya koma koyarwa a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill a Amurka sai ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Daga nan aka samu maganar da ake kira dokar Brooks: aikin manhaja in ya riga ya makara, ƙara masa ma'aikata ƙara masa makara ne.

Ga Bahaushe wannan magana tana da wuyar haɗiya, domin mun tashi mun ga gayya tana aiki. Gonar da mutum ɗaya zai yi kwana goma yana nomewa, mutum goma su tashe ta kafin la'asar. To amma a duba dalilin. A gayya kowa kunyarsa ya kama, fartanyarsa a hannu, ba ya bukatar tambayar na kusa da shi komai kafin ya kai ƙarshen gona. Wanda ya zo da hantsi ma kunya zai kama ya ci gaba, ba sai an tsayar da aiki an koya masa ba. Irin wannan aiki ne kaɗai ake iya musayar mutane da watanni a cikinsa. Sunan littafin ma abin da yake nufi ke nan, cewa awon aiki da "mutum kaza a wata kaza" tatsuniya ce in aka zo kan manhaja.

A manhaja kunyar kowa ta ratsa ta ɗan'uwansa. Mai buga kati sai ya san yadda mai lissafi ya ajiye maki, mai lissafi sai ya san yadda mai shigar da bayanai ya rubuta wanda bai zo jarrabawa ba. Brooks ya nuna yadda hanyoyin magana ke yawaita: ka ɗauki adadin mutane, ka ninka da adadin da aka rage ɗaya, ka raba biyu. Mutum uku, hanya 3. Mu da muka koma bakwai, hanya 21. Mutum goma 45, mutum hamsin 1,225. Hannu ya ƙaru ninki biyu da ɗoriya, wuraren da za a iya samun saɓanin fahimta sun ƙaru ninki bakwai. Ga kuma koyar da sababbi, wanda dole tsofaffin ma'aikatan ne za su ajiye nasu aikin su yi. Sannan akwai ayyukan da dole sai wani ya ƙare wani ya fara. Shi Brooks da juna biyu ya ba da misali, cewa wata tara ne ko mata nawa aka ɗora wa aikin. Manomi zai ce ko gari guda ka tara a gona, dawa ba za ta nuna kafin lokacinta ba.

Shi da kansa ya ce ya taƙaita dokar fiye da kima, kuma hakan gaskiya ne. Da a ce yaran nan huɗu shigar da sunayen ɗalibai muka ba su, da sun taimaka ƙwarai, domin wannan aikin gayya ne. Da kuma tun ranar farko muka fara tare, da asarar ba ta kai haka ba.

Wurin da ya fi taɓa ni a littafin shi ne yadda yake raba lokacin aiki. Kashi ɗaya bisa uku na tsarawa ne, rabi na gwaji da gyara, rubuta umarnin kansa kuwa kashi ɗaya bisa shida kacal. Da na karanta wannan sai na gane cewa wata ukun da muka faɗa wa Alhaji lokacin rubutu kawai muka lissafa. Yawancin matasanmu haka suke yanka farashi da wa'adi har gobe, su ƙirga kwanakin da za su yi a gaban allo suna dannawa, su manta da kwanakin zama da malamin jarrabawa ana tambayarsa, da kwanakin neman kuskure.

Ba Brooks ne ya fara kokawa ba. A watan Oktoban 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana kusan hamsin a garin Garmisch na ƙasar Jamus, saboda manyan ayyukan manhaja suna ta rushewa. Da gangan aka sa wa taron suna injiniyancin manhaja, don a zaburar da mutane su nemi ƙa'idoji irin na masu gina gada. Rahoton taron, wanda Peter Naur da Brian Randell suka shirya, yana nan a intanet, kuma wanda ya karanta zai ji kamar jiya aka yi hirar.

To in yawan magana ne ciwon, mene ne maganin? Amsar da ta fi kowacce ƙarfi ta fito daga wani masanin kwamfuta, David Parnas, a wata maƙala mai shafi shida da aka buga a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM a watan Disambar 1972. Kafin shi, in za a raba manhaja gida-gida, bin matakan aiki ake yi: wannan ya karɓi bayanai, wannan ya lissafa, wannan ya buga. Parnas ya ce a fara da wani abu dabam. A zauna a jera shawarwarin da ke da wuya ko waɗanda ake jin za su canza nan gaba, sannan kowane sashe ya ɗauki shawara ɗaya ya ɓoye ta a cikinsa, sauran sassa su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa kawai.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan tsari. Baƙo iyakarsa zaure. Ya yi sallama, ya faɗi bukatarsa, a shiga a fito masa da amsa. Bai san ɗaki nawa ne a ciki ba, bai san ina rumbu yake ba, kuma rashin sanin nan ne ya sa maigida zai iya rushe ɗaki ya tayar da wani, ya mayar da madafi wancan gefe, baƙo ya dawo baɗi ya yi sallama a zauren nan dai ba tare da wani abu ya canza masa ba. Da kowa na shiga har ƙuryar ɗaki, da duk gyaran da za a yi sai an bi gari ana sanarwa.

Mu gidanmu ba shi da zaure. Shekara na zagayowa makarantar ta mayar da makin gwaji daga 30 zuwa 40, na jarrabawa daga 70 zuwa 60. A bakin mai makaranta magana ce ta minti ɗaya. A wurinmu kuwa lambar nan 30 tana rubuce a wurare goma sha huɗu, muka gyara sha uku, na sha huɗun ya ɓuya a sashen buga sakamakon zango na uku, sai da wani uba ya zo da katin ɗansa da lissafinsa a bayan takarda sannan muka gani. Da mun bi Parnas, da sashe ɗaya ne kaɗai ya san yadda ake raba maki, sauran su miƙa masa lambar yaro da darasi ya ba su jimla.

Abin da ya sa nake ganin girman waɗannan marubuta shi ne abin da ya faru tsakanin mutanen nan biyu. A bugun 1975 Brooks bai yarda da Parnas ba. Shi a ganinsa kowane ma'aikaci ya kamata ya ga komai, har ya ba da labarin kundin aikin OS/360 da ake raba wa ma'aikata, wanda cikin wata shida kaurinsa ya kai ƙafa biyar. Bayan shekara ashirin, a bugun 1995, ya ƙara babi ya rubuta ƙarara cewa Parnas ne ke da gaskiya, shi ya yi kuskure. Mutumin da duniya ke kafa hujja da littafinsa ya dawo ya gyara kansa a cikin littafin nan dai. Saboda haka ne ba na son a ba ɗalibi ɗaya daga cikin rubuce-rubucen nan shi kaɗai. Hira ce suke yi da juna, mai karatu sai ya ji ɓangarorin.

Akwai kuma abin da Brooks ya tsaya a kansa bai janye ba, wato dole fasalin aiki ya fito daga kai ɗaya ko kawuna kaɗan da suka daidaita. Ya fi son manhajar da ta rasa wasu abubuwa amma tunaninta ɗaya ne, a kan wadda aka cusa wa dabaru masu kyau iri-iri da ba su san juna ba. Mutumin Zariya ba ya bukatar a kai shi Turai neman misali. Tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ko su nawa ne suka kwaɓa ƙasa suka miƙa tubali da azara, yadda bakan gizon suka tashi suka haɗu a sama daga tunanin gwani ɗaya ya fito.

Daga nan sai tambaya ta gaba, wadda Peter Naur, mutumin Denmak ɗin nan da ya shirya rahoton Garmisch, ya amsa a 1985: ina wannan tunani yake zama? Shi a wurinsa ainihin manhaja fahimtar da ke kan waɗanda suka gina ta ce, wato sanin yadda kowane sashe ya dace da abin da ke faruwa a duniyar gaske, da dalilin da ya sa aka yi shi haka. Rubutun da ke cikin kwamfuta inuwar wannan fahimta ce kawai. Ya kawo labarin wata tawaga da ta gaji aikin wata, aka ba ta rubutun duka da cikakkun takardun bayani. Da suka kawo shawarar yadda za su faɗaɗa aikin, sai masu ginin farko suka ga nan take cewa faci ne da zai lalata tsarin, alhali akwai hanya mai sauƙi a cikin ginin da sababbin ba su gani ba. Naur ya ce ranar da tawagar da ke riƙe da fahimtar ta watse, manhajar ta mutu, ko da tana ci gaba da aiki. Duk wanda aka taɓa kira ya gyara manhajar wani ofis bayan yaron da ya rubuta ta ya gama bautar ƙasa ya tafi, ya san wannan mutuwa da idonsa.

Misali mafi tsada shi ne na rokar Ariane 5 ta Turai. Ranar 4 ga Yunin 1996 ta tashi daga Kourou a Kudancin Amurka ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu, cikin daƙiƙa arba'in ta kauce hanya ta tarwatse. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa an ɗauko manhajar auna tafiya daga tsohuwar roka, Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. A cikinta akwai wurin da ake zuba wata lamba daga mazubi mai gurbi 64 zuwa mai gurbi 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Masu ginin farko sun yi lissafi sun tabbatar cewa a tafiyar Ariane 4 lambar ba za ta taɓa kaiwa nan ba, don haka ba su sa kariya a wurin ba. Sabuwar rokar ta fi saurin tafiya ta gefe, lambar ta cika mazubin ta zube. Na'urar ko-ta-kwana ma irin manhajar ce a cikinta, ita ta riga faɗuwa. Abin takaicin, sashen da ya jawo wannan ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa. An kwafi rubutun daidai, harafi bai canza ba, amma sharaɗin da aka gina shi a kai bai biyo shi ba.

Yaron nawa ya ce, "To Malam, yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke rubuta manhaja cikin minti ɗaya fa?" Nan ma Brooks ya bar mana ma'auni. A wata maƙala ta 1986 ya raba wahalar aikin gida biyu. Akwai wahalar da kayan aiki suka jawo, kamar harshe mai wuyar rubutu ko kwamfuta mai nawa, wadda kowane sabon kayan aiki yake ragewa. Akwai kuma wahalar da ke jikin al'amarin kansa: sarƙaƙiyarsa, da dole ya bi dokokin mutane ko da ba su da tsari, da yawan canzawarsa, da kasancewarsa abin da ido ba ya gani. Ina amfani da waɗannan sababbin na'urori kullum, kuma sun rage mini wahala ta farko sosai, ba na musun wannan. Amma na'urar ba ta san cewa a waccan makaranta yaron da ya shigo a zango na biyu ana raba jimlarsa biyu ne maimakon uku ba. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, a kan malamin jarrabawa kaɗai yake, kuma shi ma bai tuna ya faɗa ba sai da aka zauna da shi aka bi katunan bara ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake tsoro ma shi ne matashi ya tara layi dubu goma da ba shi ya yi tunaninsu ba, ya zama magajin manhajar da tun haihuwarta babu mai riƙe da fahimtarta. In ya ce ai ya gwada ta yi aiki, sai in tuna masa maganar masanin kwamfuta Edsger Dijkstra, cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu.

Samun rubuce-rubucen ba shi ne matsala ba yanzu. Tun 2022 ACM ta buɗe duk abin da ta buga daga 1951 zuwa 2000 kyauta, maƙalar Parnas na ciki. Takardun Dijkstra, da yawansu da hannunsa ya rubuta, suna shafin jami'ar Texas da ke Austin. Rahoton Lions gajere ne, ana gama shi a zama ɗaya. Matsalar ita ce Turancinsu yana da nauyi, misalansu kuma na injinan da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ta karatun zaure da garin nan ya saba da ita: ɗalibi ya karanto jimla, a tsaya, a warware ta da Hausa, a nemo mata misali daga aikin da ke hannunmu, sannan a wuce. Shafi shida kan ɗauke mu zama uku.

Haka muka yi da yaron nan. Na tura shi shagon hoto da ke bakin ƙofar jami'a ya bugo maƙalar Parnas, muka karanta, sannan na ce ya koma kan furojet ɗinsa na kammala digiri, manhajar ajiyar kaya ta kantin magani, ya jero mini duk abin da mai kanti zai iya canzawa cikin shekara biyu. Bayan kwana huɗu ya dawo da takarda, abu goma sha ɗaya ya rubuta: farashin sari da na ɗaiɗai, sayar da rabin kati, kwana nawa kafin magani ya lalace za a yi gargaɗi, bashin abokan ciniki, da sauransu. A gefen kowanne ya sa adadin wuraren da zai taɓa in an canza. Biyu ne kawai ke da wuri ɗaya. Na rabin kati wuri tara ne, kuma da shi ya ce zai fara.